Ruwan Allo da Ruwan Bututu: Fa'idodi da Illolin Zurfafa Karatu a Ilimin Kwarara

Ɗalibin injiniya da ya koma jami'a don yin digiri na biyu a ilimin kwararar ruwa da iska yakan tarar da darussa biyu suna jiransa a zangon farko, kuma su biyun ba sa ga-maciji da juna. A na farko malami zai ce masa ya ɗauka cewa ruwa ba shi da kauri ko kaɗan, ba ya manne wa bangon bututu, ba ya gogayya da komai, ƙwayoyinsa kuma ba sa jujjuyawa a kan kansu. Irin wannan ruwan babu shi a doron ƙasa, a kan allo kaɗai yake. A darasi na biyu sai a dawo masa da kaurin da aka cire, a nuna masa cewa zuma da manja da jini da ɗanyen mai, har da iskar da muke shaƙa, kowanne yana da nasa gwargwadon danƙo, kuma wannan danƙon ne ke cinye kuɗin dizal a duk inda ake tura ruwa ta bututu. Mutum zai ba da shekara biyu yana kai-kawo tsakanin waɗannan darussa, in ya zarce digiri na uku ya ƙara wasu shekarun. Ya kamata a duba abin da yake samu da abin da yake rasawa, tun da yawancin masu shiga iyali suke bari, aiki kuma suke ajiyewa.

Ruwan allo shi ne babba a shekaru. Daniel Bernoulli ya fitar da littafinsa na motsin ruwa a 1738, Leonhard Euler kuma ya wallafa ƙa'idojin lissafin ruwa marar kauri a 1757. Abin da ya sa malamai ba su daina koyar da shi ba har yau shi ne sauƙinsa na ban mamaki. Da zarar an ce ruwan ba shi da kauri, ba ya matsuwa, ba ya jujjuyawa, sai dukkan lissafin ya tattaru a ƙa'ida guda mai sunan Laplace, wadda take da wata baiwa: in ka warware matsala biyu daban-daban, kana iya haɗa amsoshinsu ka sami amsar matsala ta uku. Malami zai zana kwarara miƙaƙƙiya daga hagu zuwa dama, ya ɗiga maɓulɓula a tsakiya, ya ɗiga mazurara a bayanta, sai ga siffa mai kama da ƙwai ta fito, layukan ruwa suna kewaye ta. Ya matso da ɗigon biyu har su haɗu, siffar ta koma da'ira. Ya ƙara wa da'irar kewayen ruwa, sai lissafi ya nuna wani ƙarfi yana ɗaga ta sama. Ta wannan hanyar Kutta a Jamus, a 1902, da Zhukovsky a Rasha, a 1906, suka fitar da lissafin ƙarfin da ke ɗaga fiffiken jirgi. Duk wannan da alli ake yi, ba a buƙatar ko kwamfuta.

Fa'ida ta farko ke nan, kuma ba ƙarama ba ce. Ɗalibi yana samun ido. Yakan kalli siffar abu ya faɗa maka inda ruwa zai ƙara gudu, inda matsi zai ragu, inda kwarara za ta tsaya cik. Ƙa'idar Laplace ɗin nan kuma ita ce ke tafiyar da yaɗuwar zafi a jikin ƙarfe da rarrabuwar ƙarfin lantarki, saboda haka wanda ya iya ta a nan ya buɗe wa kansa ƙofofin da bai ma nufa ba.

Amma inda ta fi amfanar mu, a ganina, a ƙarƙashin ƙasa ne. A 1856 Henry Darcy, injiniyan ruwan birnin Dijon na Faransa, ya cika bututu da yashi yana ratsa ruwa ta ciki, ya gano cewa yawan ruwan da ke wucewa yana tafiya daidai da bambancin matsi tsakanin bakin biyu. Ruwan da ke tsiyaya cikin yashi kauri ne ke mulkinsa gaba ɗaya, amma in aka haɗa dokar Darcy da cewa ruwa ba ya ɓacewa, sai lissafin ya sake komawa ƙa'idar Laplace. Ma'ana, dabarun da ɗalibi ya koya a kan ruwan da babu shi su ne zai yi aiki da su wajen sanin yadda ruwa ke sulalewa ta ƙarƙashin madatsar ƙasa irin ta Tiga ko Goronyo, da yawan matsin da yake yi wa gindinta. Da su ne kuma zai lissafa abin da kowane mai unguwa ya sani a aikace: in aka haƙa rijiyar burtsatse kusa da wata, kowacce tana rage wa 'yar'uwarta ruwa. Kowace rijiya mazurara ce, ana haɗa faɗuwar ruwan da wannan ta jawo da wanda waccan ta jawo, a san tazarar da ta dace. Sai dai a nan ma akwai sharaɗi. Lissafin yana ɗaukar ƙasa a matsayin iri ɗaya ta kowace fuska, abin da ya fi kusa da gaskiya a yankunan yashi da laka na wajen Maiduguri da Sakkwato. A Kano da Zariya, inda ruwan ke ɓuya cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, rijiya biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ta ba da ruwa ɗaya ta bushe, lissafin allo kuma bai ga dalili ba.

Wannan ya kawo mu ga illar da ta fi daɗewa. Tun a 1752 d'Alembert ya nuna cewa bisa lissafin ruwan allo, abin da ke tafiya cikin ruwa da gudu iri ɗaya ba zai gamu da turjiya ko kaɗan ba. Duk mai tuƙa kwalekwale ya san ba haka ba ne. Lissafin bai yi kuskure ba, abin da aka ɗora shi a kai ne ba gaskiya ba. Kusan shekara ɗari da hamsin fannin ya rabu gida biyu: masana lissafi suna ta ƙawata ruwan da ba a taɓa gani ba, injiniyoyin bututu da magudanai kuma suna aiki da jadawalin da suka tara daga awo, ba tare da sanin dalilin alƙaluman ba. Wannan rabuwar tana sake aukuwa a kan ɗalibi guda in ba a yi hattara ba. Ruwan allo yana da daɗi. Kowace tambaya tana da amsa tsaf, jarrabawarsa tana da sauƙin shiryawa da sauƙin dubawa, don haka a wasu sassan yakan cinye rabin zango ko fiye. Kamar koyon tuƙi ne a filin Idi ranar da babu kowa: dole a fara daga can, amma wanda ya tsaya can bai san hanya ba. Na fi jin tsoron ɗalibin da ya ci wannan darasi da maki mai yawa ya fita da yaƙinin cewa ya fahimci ruwa, fiye da wanda ya sha wuya a cikinsa.

Darasin kauri ya fi ɗaci, ya kuma fi kusa da rayuwa. Navier a Faransa, a 1822, da Stokes a Ingila, a 1845, su suka saka gogayyar cikin ruwa a ƙa'idojin Euler. Da shigarta baiwar haɗa amsoshi ta tafi. Matsalolin da aka iya warwarewa tsaf da hannu 'yan kaɗan ne, kuma har yau ba a tabbatar ta hanyar lissafi cewa ƙa'idojin suna ba da amsa lafiyayya a kowane hali ba. A 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware wannan.

To amma 'yan kaɗan ɗin da aka warware suna da nauyi. Hagen, injiniya a Jamus, da Poiseuille, likita a Faransa mai binciken gudun jini, sun gano a wajen 1840 cewa a siririn bututu, inda ruwa ke tafiya a natse, in ka rage faɗin bututun da rabi, ruwan da zai wuce zai ragu sau 16. Shi ya sa ɗan toshewa kaɗan a jijiya yake zama babban al'amari ga zuciya. A bututun gida da na gona, inda ruwan ke tafiya a hargitse, lissafin ya ɗan bambanta amma darasin ɗaya ne: ka matsa yawan ruwa ɗaya ta bututu mai rabin faɗi, asarar matsi za ta ninka kusan sau 30. Mai gida ya ga inci ɗaya ya yi tsada ya ce a sa rabin inci daga rijiya zuwa tanki, sai ya wayi gari injin yana ta kuka, tanki ba ya cika, yana zagin kamfanin da ya ƙera injin. Abin da ya rage a kuɗin bututu zai biya shi a kuɗin mai wata bayan wata. Ka ɗauki wannan ka kai shi kan bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, ko bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem a Nijar ya nufi gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, za ka ga cewa faɗin bututu da yawan tashoshin turawa da tazarar da ke tsakaninsu duk hukuncin wannan darasi ne.

Haka dokar Stokes ta 1851, wadda ta ce saurin nitsewar ƙaramar ƙwaya yana tafiya da faɗinta a ninke da kansa. Ƙwayar da ta fi wata ƙanƙanta sau goma za ta fi ta jinkirin sauka sau ɗari. Da ita ake auna girman tankunan kwantar da laka a matatar ruwa, da ita ake gane dalilin da ya sa yashi ke zubewa a bakin madatsa yayin da laka ke wucewa ciki. Ita ce kuma ke bayyana yadda ƙurar hunturu da ta tashi daga kwarin Bodele na Chadi take kwanaki a sama ba ta sauka ba.

Akwai gwaji guda da nake ganin bai halatta a ba mutum digiri a wannan fanni bai gan shi da idonsa ba. Osborne Reynolds ya yi shi a Manchesta a 1883. Tankin ruwa ne da bututun gilashi a kwance, da siririyar allura mai ɗigo da ruwan launi a bakin bututun. A buɗe famfo kaɗan, launin zai miƙe siriri tun daga farko har ƙarshe, bai gauraya da komai ba. A ƙara buɗewa, sai ya fara rawa can wajen ƙarshe. A ƙara kuma, nan take ya tarwatse, bututun ya rine gaba ɗaya. Reynolds ya nuna cewa lamba guda ce ke yanke hukunci, wadda ake samu in an ninka gudun ruwa da faɗin bututu aka raba da kaurinsa. A bututu, ƙasa da wajen 2,000 kwarara tana natse, sama da haka hargitsi na iya ɓarkewa. Wannan lambar ce ke ba injiniya damar gwada ƙaramin samfuri a ɗakin gwaji ya san halin babba.

Wanda ya sulhunta darussan biyu shi ne Ludwig Prandtl, a gajeren jawabin da ya gabatar a taron masana lissafi na duniya a Heidelberg a 1904. Ya ce a ruwa da iska, waɗanda kaurinsu kaɗan ne, gogayya tana aiki ne a wata siririyar shimfiɗa da ke manne da jikin abu. A jikin bangon kansa ruwa tsaye yake, daga nan gudunsa ke ƙaruwa har ya kai na waje. A fiffiken jirgi shimfiɗar ba ta wuce 'yan santimita ba. Wajenta ruwan allo yana aiki lafiya lau. Cikinta kuma dole a koma ga Navier da Stokes, amma a sauƙaƙe. In shimfiɗar ta gaji ta saki jikin abin, sai guguwowi su taru a baya, matsi ya faɗi, turjiyar da d'Alembert ya rasa ta bayyana. Jirgin da ya ɗaga hanci fiye da kima har fiffikensa ya daina ɗaukarsa, wannan sakin ne ya same shi.

A nan babbar ribar karatun take, kuma ita ce ba a samu a digiri na farko. A can ana ba ɗalibi ƙa'ida a ce ya zuba lambobi. A digiri na biyu, in an koyar da shi yadda ya kamata, yana koyon hukunci: me zan iya watsarwa a wannan matsalar, a wane wuri, kuma nawa watsarwar za ta ci mini? Mutumin da ya saba tambayar kansa haka yana da amfani ko da ya bar ruwa ya koma wani aiki dabam. Prandtl bai jefar da ruwan allo ba, iyakarsa ya shata masa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a cire darasin daga manhaja tun da kwamfuta ta zo ba. A rage shi dai, a ɗaure shi da ɗan'uwansa tun daga makon farko.

Kwamfutar ma ita ce illar zamaninmu. Yau ɗalibi zai zana bututu ko fiffike a manhaja irin ANSYS Fluent, ya danna, bayan wasu sa'o'i hoto ya fito da ja da shuɗi da kore, gwanin sha'awa. Hoton yana fitowa ko an shigar da abin kirki ko an shigar da shirme. Hargitsin ruwa ba a lissafa shi kai tsaye a aikin yau da kullum, domin in lambar Reynolds ta ninka sau goma, ɗigogin lissafi da ake buƙata don kama kowace ƙaramar guguwa sukan ninka kusan sau 180. Don haka manhajar ƙiyasi take yi da wasu ƙa'idoji da aka daidaita da gwaje-gwajen wasu, kuma waɗannan ƙiyasin sun fi rauni daidai inda aka fi buƙatarsu, wato inda shimfiɗa ke sakin bango. Kundin digiri da aka cika da hotuna masu launi, ba a kwatanta ko ɗaya da awo na zahiri ba, ba a ma gwada ƙara yawan ɗigogi a ga ko amsar za ta canza ba, bai tabbatar da komai ba. Irin waɗannan kundaye suna ƙaruwa, domin sun fi arha kuma suna burge wanda bai san fannin ba. Abin lura shi ne maganin wannan cuta yana cikin tsofaffin darussan nan biyu. Wanda ya iya su zai ɗauki takarda ya ƙiyasta amsar cikin minti goma, in kwamfuta ta ba shi abin da ya yi nisa da haka ya san akwai matsala.

Sai batun kayan aiki, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Lasisin manyan manhajoji da dala ake saye. Lissafin da zai kwana biyu yana gudana ba ya jure ɗaukewar wuta. Bututun gwajin iska da na'urorin auna gudu da hasken leza ba kowane sashe ke da su ba, inda suke kuma sau da yawa wani ƙaramin abu ya lalace an rufe ɗakin. Wannan gaskiya ne, amma ba uzuri ne cikakke ba. OpenFOAM kyauta ce ga duk mai haƙurin koyonta. Na'urar Reynolds mai walda da mai yankan gilashi za su haɗa ta. Akwai ma ta Hele-Shaw, ta 1898: gilashi biyu a kusa da juna ƙwarai, a sa siffar abu a tsakani, a ratsa ruwa mai kauri da launi, sai ga layukan nan da malami ke zanawa a allo sun fito a zahiri. Sashen da bai da waɗannan ba kuɗi ya rasa ba, kulawa ya rasa, kuma ɗalibinsa ne ke biya.

Aikin yi fa? Dole a faɗi gaskiya, ƙofar tana da ƙunci. Yawancin littattafan fannin an rubuta su da jirgin sama da jirgin ruwa a zuciya, mu kuwa ba mu da babbar masana'antar ƙera su. Akwai Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama a Kaduna mai koyar da injiniyancin jirage, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa ita ma a Kaduna, akwai tashoshin lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro, da hukumomin raya koguna, da kamfanonin mai da gas, da hukumar hasashen yanayi. Guraben dai ba su kai yawan masu nema ba, kuma manyan zane-zanen ayyuka sau da yawa daga waje ake kawo su a gama. Wanda asusun PTDF ko TETFund ya tura waje ya yi shekaru yana nazarin guguwar bayan fiffike, in ya dawo bai tarar da na'urar ci gaba ba, ɗayan biyu ne: ko ya koma koyar da abin da ya karanta da alli kawai, ko ya tattara ya koma inda ya fito. Duka biyun hasara ce ga wanda ya biya kuɗin.

Akwai kuma wata fuska da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Ilimin da ke ɗaga jirgin fasinja shi ke daidaita makami mai linzami. Cibiyar binciken da Prandtl ya gina a Gottingen ta yi wa rundunar saman Jamus aiki a zamanin Hitila. Saboda wannan alaƙa da makamai ne Birtaniya take buƙatar ɗaliban ƙasashe da dama, har da Najeriya, su sami izini na musamman kafin su fara karatun gaba da digiri a irin waɗannan fannoni, kuma wasu ayyukan bincike a Amurka a rufe suke ga baƙo. Mai shiga ya san da haka, ya kuma san wa zai yi wa aiki.

In ƙanina ya zo neman shawara, ba zan hana shi ba, zan dai ce ya zaɓi matsalarsa kafin ya zaɓi makaranta. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ta nuna cewa muna da tambayoyin ruwa da suka fi ƙarfin digiri na farko: yadda ruwa ke ratsa jikin madatsa, yawan abin da mafitarta za ta iya ɗauka, inda ambaliya za ta bi cikin gari da tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta iso, lakar da ke cike tafkuna shekara bayan shekara. Kowace ɗaya tana buƙatar darussan nan biyu a tare, kuma ana iya auna ta a nan gida da kayan da ba su fi ƙarfinmu ba. Sannan ya je sashen da ƙafarsa kafin ya biya kuɗin rajista. Ya nemi a buɗe masa ɗakin gwaji, ya ga ko famfon yana kawo ruwa. Ya ɗauki kundaye biyu ko uku na waɗanda suka gama a hannun malamin da zai duba aikinsa, ya buɗe babin sakamako, ya duba ko akwai wurin da aka ajiye abin da kwamfuta ta ce kusa da abin da aka auna. Ya tambayi ɗaliban da ke ciki shekara nawa suka yi, da sau nawa suke ganin malamin a wata.